Yadda Ake Yin Alamar Shafi da Tallata Littafi da Ita a Sakkwato

Mai karatu in ya kai inda zai tsaya, ko dai ya naɗe kusurwar shafi, ko ya karyo tsinken tsintsiya ya soka, ko ya yagi wata takarda ya cusa. Wannan gurbin da tsinke ke zama a cikinsa, marubuci na iya mallake shi da sunan littafinsa. Fosta a bango rana ke cinye ta cikin 'yan makonni, takardar talla kuwa ƙarshenta naɗin ƙosai. Alamar shafi ita ce tallar da ba a yarwa, domin tana da amfani ga wanda aka ba, kuma duk lokacin da ya buɗe littafi, ko da na wani marubuci ne, sai ya gan ka. Na daɗe ina yin ta, ta kati da ta fata, ga kuma yadda aikin ke tafiya.

Kayan da za ka tanada

Hoton bangon littafinka na asali, daga wurin wanda ya zana shi. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto bai yi ba, domin manhajar kan matse shi ya rasa kaifi. Ka ce a turo maka shi a matsayin fayil.

Waya ko kwamfuta mai manhajar zane. Canva ta isa a waya. Yawancin masu shagon bugu da CorelDRAW suke aiki.

Kati mai kauri, wanda masu bugu ke kira giram 300. Wanda bai kai 250 ba laushi gare shi, nan da nan zai lanƙwashe.

Rula ta ƙarfe, sabuwar reza ko wuƙar yankan takarda, almakashi, fensir, abin huda takarda, da wani katako ko kwali mai kauri da za ka riƙa yanka a kansa.

Zaren kwarashi ko siririn ribon, in kana son geza.

Ƙaramin littafin rubutu na lissafi. Kada ka raina wannan, a mataki na ƙarshe za ka ga aikinsa.

1. Ka fara da kalmomi kafin ka taɓa zane

Ɗauki biro da takarda ka rubuta abin da zai hau katin. A gaba: sunan littafi, sunanka, da wani yanki na hoton bango. A baya: jimla ɗaya daga cikin littafin, inda ake samunsa, da lambar da za a neme ka. Iyakarsa ke nan.

Kuskuren da na fi gani shi ne marubuci ya so ya zuba komai: hotonsa, tarihinsa, jerin littattafansa shida, godiya ga iyaye da malamai, adireshin Facebook da Instagram da TikTok, lambobin waya uku. Sai rubutun ya ƙanƙance har ba ya karantuwa. Katin nan aiki ɗaya gare shi, wato ya kai mai karatu ga littafi ɗaya ta hanya ɗaya.

Zaɓen jimlar nan shi ne inda ya kamata ka ɓata lokaci. Kada ka ɗauko karin magana da kowa ya sani, kada kuma ka rubuta "labari mai cike da darussa da ban tausayi", domin kowane bangon littafi haka yake cewa. Nemo wurin da wani a cikin labarin ya faɗi maganar da za ta sa a tambayi abin da ya faru kafin nan. Misali, uwa ta ce wa 'yarta: "Ranar da kika gane wanda ya biya kuɗin makarantarki, ranar za ki daina gaishe ni." Wanda ya karanta wannan sai ya so jin sauran. Fitar da jimloli uku, ka karanta wa mutum biyar da ba su san labarin ba, ka ɗauki wadda ta sa suka ce "sai aka yi yaya?". In waƙa ce, baiti ɗaya ya isa. In littafin nazari ne ko na tarihi, sa tambayar da littafin ya amsa.

Gargaɗi mai muhimmanci: kada ka sa ayar Alƙur'ani, ko hadisi, ko sunan Allah a kan katin. Abu ne da zai faɗi ƙasa, yara su yi wasa da shi, a share shi da shara. Ko littafinka na addini ne, sunansa da bayaninsa sun wadatar. Ga wanda ke son wani abu na daban, rubuta sunan littafin da ajami a bayan katin yana da kyau ƙwarai, kuma a garin da aka gāji rubutun ajami tun zamanin Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, dattawa kan tsaya su duba. Amma ka kai wa malamin da ya iya ya rubuta maka da hannunsa, ka ɗauki hoton rubutun ka saka, domin wasulan ajami kan rikice a kwamfuta.

2. Girma

Faɗin santimita 5, tsawon santimita 18. Wannan ya dace da littafi mai girman A5, wanda tsawonsa santimita 21 ne. In littafinka ƙarami ne irin na aljihu, rage tsawon zuwa 15. Da wannan awon, guda 5 ke shiga takardar A4 in an kwantar da ita, guda 10 kuma a A3. Ke nan in kana son guda 200, takardar A3 guda 20 za ka biya. Ka riƙe wannan lissafin a ka kafin ka shiga shago, domin a kan takarda ake yin ciniki, ba a kan kati ɗai-ɗai ba.

3. Zane, da matsalar baƙaƙe masu ƙugiya

Bar launin bango ya zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, don kada farin baki ya fito in wuƙa ta ɗan kauce. Rubutu kuwa ya nisanci gefe da aƙalla milimita 4. A saman katin ka bar fili kamar santimita 2 babu rubutu, nan za a huda.

Launi biyu ko uku sun isa, kuma daga bangon littafin za ka ɗebo su, yadda wanda ya ga katin zai gane littafin a kan tebur tun daga nesa. Rubutu mai duhu a kan fili mai haske ya fi karantuwa. Jan rubutu a kan baƙi yana da kyau a fuskar waya, amma a takarda dushewa yake. Dalili kuwa, waya da haske take nuna launi, injin bugu kuma da tawada huɗu yake haɗawa, don haka shuɗi da kore masu ƙyalli kan fito a dakushe.

Yanzu ga inda katunan Hausa da yawa ke lalacewa. Ba kowane salon rubutu ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Za ka tsara abinka lafiya lau a waya, ka kai shago, su buɗe a kwamfutarsu, sai harafin ya zama ɗan akwati, ko ya ɓace, ko ya fito da wani salo daban a tsakiyar kalma. Mai shago yana sauri, ba zai lura ba. Maganin abu uku ne. Na farko, zaɓi salon da ke da baƙaƙen, kamar Times New Roman ko Noto ko Charis, ka gwada manya da ƙanana duka: Ƙ, Ɗ, Ɓ. Salon ado masu lanƙwashe-lanƙwashe su ne suka fi rasa su. Na biyu, kada ka kai aikin a matsayin fayil da za a iya gyarawa, fitar da shi a PDF na bugu. In a shagon aka zana maka da CorelDRAW, ce a mayar da rubutun ya zama zane kafin a tura wa inji. Na uku, ka duba da idonka a kan takardar gwaji. Wanda wayarsa ba ta da baƙaƙen, ya ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, wato allon rubutu na waya. Ni dai ban yarda marubucin Hausa ya raba katin da aka rubuta sunan littafinsa ba ƙugiya ba, alhali rubutu ne sana'arsa.

4. Lambar QR

Ita ce ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haska wa kyamarar waya ta buɗe adireshi. Ba dole ba ce, amma tana rage wa mutum wahalar kwafar lamba. Mafi sauƙi shi ne ta kai shi kai tsaye ga WhatsApp ɗinka. Adireshin shi ne wa.me, sai karan tsaye (/), sai 234, sai lambarka ba tare da sifirin farko ba. Wannan adireshin za ka mayar QR. Faɗinta kada ya gaza santimita 2, baƙa a kan fari, da ɗan fili kewaye da ita.

Yi hattara da masu ba da QR kyauta na gwaji, wadda ke mutuwa bayan 'yan kwanaki sai ka biya. Nemi wadda ba ta canzawa, wadda adireshinka ke cikinta kai tsaye. Sa'annan ka rubuta lambar wayar a ƙasa da manyan alƙaluma, domin da yawa cikin masu karatunka ƙaramar waya gare su. In ke marubuciya ce, shawarata ki ware layi daban na harkar littafi. Kati yawo yake yi, ba ki san hannun da zai faɗa ba.

5. Bugu: takarda ɗaya tukuna

Zagaya shago uku ka ji farashin A3 gaba da baya a kan kati giram 300, da yanka. Ga adadi kaɗan, ɗari zuwa ɗari biyar, injin da suke kira DI ya fi dacewa, ba sai an yi farantin bugu ba. Babban inji sai in dubbai za ka buga.

Duk yadda mai shago ya ba ka tabbaci, ce masa: "Malam, a fidda mini guda ɗaya in gani." Biya kuɗinta, ka fita da ita waje cikin hasken rana. Duba baƙaƙen nan. Karanta lambar wayar alƙalami bayan alƙalami. Gwada QR da waya biyu, ɗaya mai tsada, ɗaya mai arha. Ɗaga takardar ta fuskanci rana ka ga ko gaba da baya sun hau kan juna, domin in sun goce, yanka zai cinye rubutun gefe ɗaya. In da hali kwana da ita, ka ba wani ya karanta. Idon da ya rubuta abu ba ya ganin kuskurensa.

Sai batun rigar leda, wadda suke kira lamineshin. Iri biyu ce a bugu, mai sheƙi da marar sheƙi. Marar sheƙi ta fi daɗin taɓawa, kuma ba ta nuna sawun yatsa. Amma biro ba ya kama kan leda sosai, don haka in kana son ka riƙa sa hannu a baya, ce a yi wa gaba kawai. Wadda ba na so ita ce leda mai kauri irin ta takardun shaida da katin aiki. Bakinta kaifi gare shi, yana yankar shafi, in kuma aka yanke ta daf da kati sai ta fara ɓarewa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, kada ka bar katunan a cikin mota ko a ƙarƙashin kwano, lanƙwashewa za su yi. Ɗaure su ɗari-ɗari, ka danne da littattafai.

6. Yanka, huda da geza

In shagon na da injin yanka, a yi a can. In da hannu ne, ɗora rula ta ƙarfe, ka ja reza sau biyu ko uku a hankali maimakon dannawa sau ɗaya da ƙarfi. Almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen layi. Huda a tsakiya, santimita 1 daga sama. Yi wa kati ɗaya daidai, ka mayar da shi ma'auni ga sauran.

Geza kuwa: naɗa zare sau 20 a jikin kwali mai faɗin santimita 6, ɗaure saman da wani dogon zare, yanke ƙasan, sa'annan ka ɗaure wuyan. Zura dogon zaren a hudar ka zarge. Aiki ne mai cin lokaci, don haka ba kowane kati za ka yi wa ba. Ribon da aka zarge kawai ma ya isa ga na rabo.

7. Ta fata

Nan ne Sakkwato ta fi kowa abin nunawa. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar Maroko har suka laƙaba mata sunan ƙasar, kuma da ita aka riƙa yi wa littattafai masu daraja bango a Turai. Gafakar da malamai ke sa Alƙur'ani ma aikin dukawa ce. To majema da dukawa suna nan, shiga shiyar Madunka ka gani.

Tafi da katinka ɗaya a matsayin awo. Ka gaisa, ka ce: "Baba, irin wannan nake so na fata, siriri, don sawa cikin littafi." Jaddada sirantar, domin hannunsu ya saba da jaka da takalmi da fulo. Kaurin kada ya wuce milimita 1. Fata mai kauri kan buɗe gindin littafi, musamman wanda aka haɗa da gam. Tambayi ragowar yanka, wato guntayen da suka rage bayan an fidda manyan kaya, sun fi arha kuma sun isa. A buga sunan littafin ko haruffan farkon sunanka da ƙarfen zane, a tsattsaga ƙasan ya zama geza. Dogon rubutu ba ya fita a fata.

Kafin ka ba da aikin da yawa, karɓi guda biyu ka gwada. Sa ɗaya tsakanin fararen takardu, ka danne da abu mai nauyi kwana biyu. In ka ga jan rini ko tabon mai, to za ta ɓata littafin mutane, a nemi wata fatar. Ɗayar ka goga mata tsumma mai ɗan laima ka ga ko rinin na zuba. Sansana kuma: fatar da ba ta gama jima ba wari take yi, da damina abin ya fi muni. Ka shanya su a inuwa inda iska ke ratsawa.

Ta fata ba ta rabo ba ce. Ka ajiye ta don mutum 30 ko 50 na farko da suka biya kuɗin littafi tun kafin ya fito, da wanda ya yi maka bita, da manyan baƙin ƙaddamarwa. Wasu ma za su nemi saye, ka sa mata farashi.

8. In kuɗi ko inji sun gagara

Buga baƙi da fari a kan farar takarda a shagon hoton takardu, ka manna a jikin kwali mai launi irin na 'yan makaranta. Shafa gam kaɗan, ka danne har ya bushe, gam mai yawa kan sa takarda ta yamutse. Ko kuma ka sa a sassaƙa maka hatimin roba mai sunan littafi da lambarka, ka yanka kwali ka riƙa bugawa. Hamsin da aka yi da tsabta sun fi ɗari biyar masu karkataccen yanka.

9. Rabo

Kada ka tsaya a bakin kasuwa kana miƙa wa duk mai wucewa. Alamar shafi sai mai shafi. Ka bi inda littafi ya riga ya shiga hannu.

Kowane kwafi da ka sayar, sa kati biyu a ciki: ɗaya na mai saye, ɗaya ya ba wanda yake ganin zai so labarin. Faɗa masa haka da bakinka. Je wurin masu sayar da littattafai a Babbar Kasuwa da bakin manyan makarantu, ka nemi izini su riƙa saka katinka cikin duk littafin Hausa da suka sayar. Ka rubuta sunan shagonsu a katin in da hali, sai abin ya zama nasu ma. Kada ka soka kati cikin kayan mutum a ɓoye.

Ɗalibai masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari kullum suna neman littafin da za su yi aikin kammalawa a kai. Kai wa sashen kwafi ɗaya kyauta, ka bar kati 20 wurin wakilin aji. Haka makarantun sakandare, ta hannun malamin Hausa, bayan ka tabbata littafin ya dace da shekarun yaran.

Mafi yawan masu karanta ƙagaggun labaran Hausa mata ne, da yawansu kuma a gida suke. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kai waƙoƙinta ga matan karkara ta hannun jajoji, wato malamai mata na ƙungiyarta ta 'Yan Taru, matan da gidaje suka amince da su. Hanyar har yau ita ce: mai kitso, mai lalle, tela, mai kai atamfa gida-gida. Ba kowace ɗaya kati 15 da littafi 3, da ladanta a kan kowane kwafi, a rubuce. Namiji ya bi ta hannun matarsa ko 'yar'uwarsa. A biki kuma, in 'yan'uwa na haɗa kayan rabo, kati mai ribon na shiga jakar ba tare da ya zama tallar dole ba, muddin masu bikin sun yarda.

Ranar ƙaddamarwa, ɗora kati a kan kowace kujera kafin mutane su iso. Manyan baƙi za su sayi kwafi da kuɗi mai tsoka su tafi, amma ɗaliban da ke baya, waɗanda ba su zo da kuɗi ba, su ne za su kira ka bayan sati biyu. Ranaku biyu kuma ka sa su a kalanda: 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya, da 26 ga Agusta, Ranar Hausa. Ana yin taruka a makarantu da ƙungiyoyin marubuta, ka shirya katunanka sati biyu kafin nan.

10. Abin da mutum zai tarar in ya neme ka

Wanda ya yi maka magana ta dalilin kati, kada ya tarar da "sannu" kawai. Tanadi babi na farko a PDF, da muryarka kana karanta shafi biyu, minti uku zuwa huɗu, a ɗaki shiru, fanka a kashe. Tsaya da karatun daidai inda zance ya ɗauko daɗi. Biyo da farashi, lambar asusu, da inda za a karɓa. Babi ɗaya kawai za ka tura: duk littafin da ya shiga waya a cike, gobe yana cikin zaurukan WhatsApp kyauta. Wannan muryar dai za ka iya kai wa masu shirin adabi a Rediyon Rima ko wata tashar FM ta gari, da kwafi ɗaya da alamar fata ga mai gabatarwa.

11. Bin sawu

Kafin ka raba, yi wa kowane ƙunshi shaida. Launin ribon ya isa: ja na kasuwa, kore na jami'a, ruwan ɗorawa na masu kitso. Ko ka rubuta harafi ɗaya da biro a kusurwar baya. Duk wanda ya kira, tambaye shi: "Wane launi ne zaren katin da ke hannunka?" Rubuta amsar a littafin lissafinka, da kwanan wata, da ko ya saya. Kana iya cewa wanda ya nuna kati za a rage masa wani abu, hakan na sa a adana shi.

Bayan wata biyu ka zauna ka ƙirga. Inda aka raba 50 ba a sami kira ko ɗaya ba, je ka duba ko katunan na nan ɗaure a cikin durowa, in an raba su ne kuma shiru, kada ka sake kai wa can. Inda aka sami ciniki, ninka musu a bugu na biyu, ka canza jimlar baya da wata daga tsakiyar littafin, domin wanda ke da na farko ya so karɓar na biyu.